Kwana Goma Sha Ɗaya Ina Bin Masu Jita, Daga Kurfi Zuwa Damagaram

Tun da na dawo ban samu sukuni ba. A majalisarmu ta ƙofar shago a Dutsin-Ma, wannan ya ce, "Malam Bala, wai da gaske makaɗa ka bi har Damagaram?" Wancan ya ce shi ya ji Turai aka kai ni. A Kurfi kuwa har an kai wa maiɗakina labarin an tsare ni a kan iyaka. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu kowa yana ƙara mashi gishiri, shi ya sa na zauna na rubuta. Sunan ƙungiyar dai ba zan faɗa ba, sunayen mutanen kuma na sauya su, don na yi alkawari.

Shekara goma sha tara ina ɗaukar bidiyon biki da suna da walimar sauka. Wata ranar Laraba Alhaji Lawal, wan maiɗakina, mai fataucin gero da wake zuwa Maraɗi, ya tsaya a shagona. Ya ce ɗiyar maimasaukinsa na can, wata Fatimata da ta yi karatun fim a ƙasar waje, tana haɗa fim a kan rangadin wasu makaɗa. Mai ɗaukar mata hoto ya tafi ya bar ta, tana neman wani.

Na ce, "Alhaji, duk faɗin Nijar babu mai kyamara sai ni?"

Ya ce, "Bidiyon bikin ɗiyata ta gani a wayata. Akwai inda ka bar amarya ka koma kan wata tsohuwa tana wankin tukwane a bayan gida. Ta ce wanda ya ɗauki wannan shi take so."

Na tuna wurin. Mantawa na yi ban kashe kyamara ba, na rataye ta a kafaɗa na je shan ruwa. Ban faɗa mashi ba. Amma maganar ba ta kwanta mani ba. Shekarun nan sun koya mana a yankinmu cewa baƙon da ya cika yabonka, ka duba abin da ke bayansa. Ni kaina an taɓa tare ni a kasuwar Kuki ana tambayar wa ya aiko ni ɗaukar hoto.

Na je Wurma neman izinin mahaifina. Na tarar da shi yana gyaran rumbu.

Ya ce, "Kiɗa?"

"Ba ni zan yi ba, Baba. Ɗauka kawai zan yi."

"Da wanda ya riƙe ƙafa da wanda ya yanka, ai duk fawa suke." Ya ci gaba da gyaran rumbunsa, sannan ya ce, "Tunda ta hannun Alhaji ne, je ka. Ka riƙe sallarka, kuma kada ka ɗaukar wa kowa kayan da ba ka ga cikinsu ba."

Ranar tafiya na zare ƙaramin katin memori guda ɗaya na tura shi cikin naɗin hulata. Ban san me zan yi da shi ba. Na dai ji bai kamata duk abin da na gani ya zauna a hannun wasu ba.

Daga Kurfi zuwa Katsina ba wani labari. A kan iyaka bayan Jibiya ne aka sauke ni saboda kyamara. Jami'in ya karanta takardar da Fatimata ta aiko, ya ce in kunna mashi abin da ke ciki. Ashe ban goge bikin ƙarshe da na ɗauka ba. Sai ga wani ƙanen babana, mutum mai furfura, yana tiƙar rawa hularsa ta faɗi. Jami'in ya kira abokan aikinsa biyu, suka kalla, suka ce in mayar baya. Sau uku ina mayarwa. Da suka ƙoshi da dariya suka buga mani hatimi. Motar da na shigo ta riga ta tafi da ƙullin dambun naman da maiɗakina ta yi mani guzuri.

Na isa Maraɗi da la'asar. Masaukin wani gida ne mai faɗin tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi a rumfa, ga wayoyi da lasifikoki ko'ina. Makaɗan su biyar ne. Shugabansu Ghali, Buzu ne dogo, mai rawani baƙi, shekarunsa za su kai arba'in. Ya ba ni hannu, ya dubi jakata ya fi yadda ya dubi fuskata. Sai direbansu Idi, mutumin Tasawa, mai surutu, shi ne ya zama abokin hirata. Fatimata kuwa ƙaramar mace ce mai tabarau, tana magana da Hausa tana tsoma Faransanci kamar mai barbaɗa yaji.

Ta ce, "Malam Bala, doka ɗaya gare ni. Kada ka ce wa kowa ya gyara. Kada ka ce a yi murmushi. In suna cin abinci ka ɗauka, in suna barci ka ɗauka, in suna faɗa ka matsa kusa."

Na ce, "Hajiya, a wurinmu in ka ɗauki mutum yana cin abinci, sai ya fasa maka kyamara."

Ta ce, "Nan ba za a fasa ba."

Ta ɗaura wa kyamarata wani dogon makirfo mai gashi kamar wutsiyar kyanwa, ta ce yana jawo magana daga nesa. Na ce a raina, mai son waƙa me zai yi da abin jawo maganar mutane daga nesa?

Abincinsu bai yi nisa da namu ba, sai burodi. Dogo ne kamar sandar makiyayi, ga tauri, ranar farko sai da ya yanke mani dasashi. Shayi kuwa Ghali ke dafawa da kansa a ƙaramar buta, zagaye uku, ɗan kofi kamar murfin kwalba. Na shanye na farko na miƙe, Idi ya jawo rigata. Ya ce, "Zamna. Wanda ya tashi kafin na uku ya raina mai shayi."

Wasan farko a wani fili aka yi, bayan la'asar, don hukuma ta ce a tashi kafin magariba. Ni na saba da kalangu da gurmi da kiɗan fiyano na 'yan biki. Wannan daban ne. Ghali ya taɓa jitarsa mai lantarki, ta yi wata ƙara kamar injin niƙa ya haɗiye dutse, na zabura na ɗauka waya ce ta ƙone. Ashe farkon waƙa ke nan. Idi ya ce sunan irin kiɗan rok, amma nasu ba irin wanda gidajen rediyo ke so ba ne, sun gauraya shi da kiɗan raƙuma na garinsu. Samari suna tsalle suna kaɗa kai kamar masu aljanu, mata a gefe suna rangaɗa guɗa. Abin da ya fi ɗaure mani kai, awa biyu ana waƙa ba a ambaci sunan kowane mai kuɗi ba, ba a yi wa kowa kirari ba. Na tambayi Idi, to wa suke yi wa? Ya ce hanya suke yi wa, da ƙishirwa, da waɗanda suka tafi.

Da aka tashi Fatimata ta miƙo hannu. "Katin."

Na ba ta. Ta kwashe komai a kwamfutarta, ta goge katin tas, ta dawo mani da shi. Haka ta riƙa yi kullum. Ko minti ɗaya na aikina ba a bari ya kwana a hannuna ba.

Kwana uku muka yi a Maraɗi muka kama hanyar Tasawa a wata tsohuwar bas, ganguna a saman kujeru, mu a tsakanin lasifikoki. Bayan mun wuce Gazawa taya ta fashe. Mai gangunan ya ce laifin Idi ne, Idi ya ce laifin nauyin gangunan ne, har aka kai ga zagin iyaye. Ni na shiga tsakani ina ba da haƙuri, sai na ji Fatimata a bayana.

"Malam Bala, ina kyamara?"

Na ɗauka, raina ba ya so. A kowane shingen jandarma, wato jami'an tsaron can, sai ta ce in ɗauki fuskokin makaɗan suna jiran a duba takardu. Na riƙa lissafi a zuci: shingaye, hanyoyi, tashoshi, makirfo mai jawo magana, kati da ake gogewa. In da a Kurfi wani baƙo ya yi rabin wannan, da tuni an kai shi gaban mai gari.

Sai kuma Ghali. Duk garin da muka sauka, da an yi sallar azahar sai ya saɓa wata 'yar jakar fata ya fita shi kaɗai, ya hana kowa binsa, har Fatimata. A Tasawa na hango shi daga nesa a tasha, ya ja wasu mutum biyu gefe, ya zaro wani abu daga jakar ya nuna masu, suka girgiza kai. Na tambayi Idi.

Surutunsa ya ɗauke. Ya ce, "Wanga ba naka ba ne, Malam. Ka yi aikin da ya kawo ka."

A Tasawa gidan su Idi muka sauka. Mahaifiyarsa ta dama mana fura da nono, ta kawo kwaɗon zogale, irin na gida sak, har na ɗan saki jiki. Amma da na shiga ɗaki na tarar an taɓa jakata. Ba a ɗauki komai ba, sai dai rigunan ba yadda na ninke su suke ba. Tun daga ranar ko alwala zan yi, hulata tana kan gwiwata.

Mun shiga Damagaram a kwana na takwas. Gari ne mai manyan duwatsu a tsakiyar unguwanni, har ya ɗan tuna mani da Dutsin-Ma. Washegari bayan azahar Ghali ya saɓa jakarsa. Na ce wa Fatimata zan je neman batir. Na shiga bayi na zaro katin hulata na sa a kyamara, na tura ta cikin jaka, na bar idonta da bakin makirfon a waje. Niyyata in samu shaida. In abin nasu ya ɓaci aka kama mu, in nuna ba ni ciki.

Na bi shi har tashar motocin arewa. Ya tambayi mutum uku, na huɗun ya nuna mashi wani mai facin taya a ƙarƙashin rumfar kwano. Na zagaya bayan wata babbar mota da ke tsaye dab da rumfar, na tsuguna kamar mai gyaran takalmi, na danna.

Ghali ya yi sallama ya zaro abin. Hoto ne, na wani saurayi mai dariya.

Ya ce, "An ce mani ka yi haƙar zinariya a arewa. Ƙanena ne. Shekara biyar ke nan ba mu ji ɗuriyarsa ba. Sunansa Alhusaini."

Mai facin ya dubi hoton, ya mayar da kai kan tayar da ke gabansa. Ya ce, "Alhusaini. Allah ya jiƙan shi. Rami ya rufta da su, su huɗu. Ina cikin waɗanda suka tono su. Mun yi masu wanka, mun yi masu salla, mun rufe su a gefen wani dutse."

Ghali ya daɗe a tsaye. Sannan ya tsuguna, ya ja rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Ya yi tambayoyi, mutumin yana amsawa. Da zai tafi ya miƙa mashi wani abu, mai facin ya ture hannunsa, ya ce ba a karɓar lada a kan gawa.

Ni kuwa ina tsugune a bayan mota, kyamara tana ta ɗauka. Ban taɓa jin ƙanƙantar kaina irin ta wannan ranar ba.

Da la'asar aka yi wasa. Ghali bai gaya wa kowa komai ba. Ya hau ya kaɗa jitar nan har tsirkiya biyu suka tsinke, ya ci gaba da sauran. Jama'a suna ta tsalle suna murna. A duk filin nan ni kaɗai na san abin da yake kaɗawa, kuma ba ni da ikon sani.

Da safe wajen shayi ya faɗa masu. Aka yi salati, aka yi addu'a. Idi ya raɗa mani cewa Alhusaini ya bar mata da ɗiya ɗaya a gidan mahaifiyarsu. Shekara biyar matar tana zaune, ba ta da miji ba ta da takaba. Surukarta ta ce ba za ta yarda ɗanta ya mutu ba sai ta ji daga bakin wanda ya gani da idonsa. Rangadin nan ma Ghali ya tsara shi ne ta garuruwan da masu dawowa daga haƙar zinariya ke sauka.

Ghali da Idi suka koma tasha don su roƙi mai facin ya bi su ya faɗa wa tsohuwar da malaman garinsu. Suka dawo kafin azahar su kaɗai. Mutumin ya bi wata babbar mota arewa tun da asuba, ba wanda ya san ranar dawowarsa, ba wanda ke da lambarsa.

Ghali ya zauna a tabarma. Ya ce, "In na je da bakina kaɗai, cewa za ta yi na gaji da nema ne."

Ina zaune a gefe, katin yana cikin hulata. In na yi shiru ba wanda zai taɓa sani, jibi in koma gida da mutuncina. Na tashi na je na yi alwala ba don lokacin salla ya yi ba, na dawo na zauna. Sannan na cire hular, na zaro katin, na ajiye a gabansa.

Na ce, "Malam Ghali, jiya na bi ka. Duk abin da mutumin ya faɗa yana nan, da fuskarsa da muryarsa."

Ghali ya dubi katin, ya dube ni.

"Don me ka bi ni?"

"Na zarge ka. Na ɗauka wani mugun abu kake ƙullawa."

"Kamar me?"

"Ban sani ba. Makamai, ko safarar mutane. Ban sani ba."

Fatimata ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce wanda ya riga ni aikin, ashe kwafar hotunansu yake yi a ɓoye yana sayarwa, shi ya sa suka rabu, shi ya sa take goge katin kullum. Ta ce ita ta sa aka duba jakata a Tasawa, don sun ga yadda nake bin kowa da ido. "Mun duba ko'ina," in ji ta, "ban da hula."

Aka sa katin a kwamfuta. Ghali ya kalla daga farko har ƙarshe, har inda yake kuka, bai kawar da kai ba. Da ya ƙare Fatimata ta yi magana da shi da Faransanci, a hankali. Ban ji ba, amma na gane. Ya amsa mata da Hausa don in ji.

"A'a. Wannan ba na fim ba ne. Na mahaifiyata ne."

Ya zare katin da hannunsa ya sa a jakar fata tare da hoton.

Ni kuma da na kalla tare da su, wani abu ya tsaya mani. Sana'ata ke nan, kallon fuskoki. Mai facin bai dubi hoton ya kai ƙiftawa uku ba. Bai ambaci sunan ba sai da Ghali ya ambata. Da farko ya ce abin ya faru da damina, can gaba ya ce lokacin sanyi ne. Amma kuma ya ƙi karɓar komai, to me zai ci da ƙarya? Ko tausayi ne ya sa ya ba mutumin da ya gaji amsar da zai huta da ita? Ko kuwa gaskiya ya faɗa, shekaru ne suka rikita mashi lokaci? Kwana biyu ina juya wannan, ina ɗaukar wasan ƙarshe, Ghali bai sake yi mani magana ba. Shayi dai yana miƙo mani, duk zagaye ukun.

Ranar da zan taho Idi ya kai ni tasha. Ina shirin shiga mota sai ga Ghali ya zo a ƙafa. Ya tsaya gabana.

Ya ce, "Abin da ka ɗauka zai yi amfani. Na gode da ka fito da shi. Amma ba zan sake tafiya da kai ba."

Na ce, "Ka yi daidai." Sannan na ce, "Akwai magana ɗaya, in ka yarda. Akwai aure a cikin lamarin nan, ba zan iya tafiya da ita a ciki ba. Mutumin nan bai dubi hoton sosai ba. Kuma ya faɗi lokaci biyu."

Ya ce, "Damina da sanyi. Na ji."

"To?"

"Malamai za su kalla, zan nuna masu wurin da kaina. Abin da suka yanke shi ke nan." Ya gyara rawaninsa. "Shekara biyar ina shakkar duk wanda ya ce mani ya gan shi da rai. Yanzu kuma in fara shakkar wanda ya ce ya rufe shi? Ka tafi da wannan zargin, Malam Bala, kai ka iya riƙonsa. Ni na gaji."

Ya ba ni hannu, ya juya.

Na biyo ta Matamai na shigo ta Kwangwalam, na kwana Daura wurin wani abokin sana'a, washegari na iso Kurfi ana kiran azahar. Bayan wata huɗu Fatimata ta turo mani fim ɗin a waya. Akwai fashewar taya, akwai zagin, akwai tsirkiyoyin da suka tsinke a Damagaram, ba a faɗi dalilin tsinkewarsu ba. Sunana yana ƙarshe, an rubuta shi daidai.

Abin da malaman suka yanke, ban sani ba. Ko matar ta shiga takaba, ko har yau tana zaune tana jiran sallama a ƙofar gida, ban sani ba. Lambar Ghali tana cikin wayata. Sau da yawa nakan buɗe ta in duba, in mayar da wayar aljihu. Na riga na leƙa rayuwar mutumin nan sau ɗaya ba da izininsa ba.